Amsa kan fiyanon Walter mai siririn sauti da tsinkewa

Malam, ka ce fiyanon Walter, irin tsohon fiyanon zamanin Mozart (shahararren mai tsara kiɗa), yana ba ka siririn sauti kuma yana tsinkewa a Pianoteq, manhajar da ke kwaikwayon sautin fiyano a kwamfuta. Siririn sautin da kake ji ba lalacewa ba ce. Fiyanon zamanin Mozart maɓallai 61 gare shi, gudumominsa ƙanana masu rufin fata, jikinsa katako babu firam ɗin ƙarfe, shi ya sa sautin ke mutuwa da wuri. Kada ka cika masa bes (sauti mai kauri), ɓata shi za ka yi. In za ka haɗa shi da wasu kayan kiɗa, duba saitinsa: a 430 Hz (ma'aunin tsayin sauti) ake yawan ɗaure irinsa, mayar da shi 440.

Tsinkewar kuwa daga kwamfuta take, don manhajar lissafa sautin take yi nan take. Sa ASIO (direban sauti na Windows), ɗaga bafa (ma'ajiyar sauti ta wucin gadi) zuwa 256, jona caja. Da zafin Sakkwaton nan, ɗauke laftof daga kan katifa ya sha iska.