Amsoshin tambayoyinku: Digirin walda na shekara biyu ko gajeren kwas?

Tambaya: Malam, ina zaune a Houston da ke Amurka, ina aikin dare a wani ɗakin ajiyar kaya. Kwalejin al'umma da ke kusa da mu tana da digirin walda na shekara biyu, tana kuma da kwas na 'yan watanni. Wanne zan shiga?

Amsa: Ƙanena, ranar neman aiki hannunka za a fara dubawa. In aikin bututu ne, sau da yawa gwajin 6G za a ba ka: a kafe bututun a karkace, babu damar juya shi, kai ne za ka bi shi ka zagaye, har ka shiga ta ƙasa tartsatsi na zubo maka a hannun riga. Sannan a yanki wajen waldar a lanƙwasa a inji. In ya tsage, shi ke nan. Don haka kafin ka biya ko sisi, je ka ga wurin aikin kwalejin da idonka. Awa nawa ɗalibi ke riƙe da wuta a mako? Mutum nawa ke kan inji ɗaya? Suna koyar da TIG (waldar tsinken tungsten da iskar gas) da waldar bututu, ko MIG (waldar da inji ke turo wayar ƙarfe da kansa) kawai? Suna shirya gwajin ƙungiyar masu walda ta AWS?

Duk da haka ni digirin nake so maka. A cikinsa ne za ka koyi karanta zanen aiki, da lissafi, da halin ƙarfe in zafi ya taɓa shi. Walda tana cin gwiwa da baya, wata rana za ka so komawa sufeto mai duba aikin wasu. AWS tana neman gogewar shekara 5 daga mai takardar sakandare kafin jarrabawar sufeto, mai digirin kuwa ana rage masa. Kwalejoji da yawa suna lissafa gajeren kwas cikin digirin. In taku haka take, fara da shi, ka samu aiki, ka ƙarasa sauran da yamma. In kana da takardar zama ta dindindin, cike FAFSA, wato fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayyar Amurka, tun wuri, wataƙila tallafin Pell, kuɗin karatu da ba a biya bayan an gama, ya ɗauke maka wani nauyi.

Tambaya: Ɗana zai fara koyon walda a kwaleji, an ce ya zo da kayan aikinsa. Me zan fara saya?

Amsa: Hajiya, hular walda mai duhunta gilashi da kanta, wadda duhun gilashinta ke kaiwa lamba 13, ita ce gaba da komai, kada a yi mata rowa. Wanda hasken walda ya taɓa ƙone wa ido ya san daren da ake kwana kamar an zuba yashi a ciki. Sai safar hannu ta fata, takalmi mai ƙarfe a baki, da riga ta auduga, domin ta leda narkewa take a jikin mutum. Inji kuwa kada ki saya yanzu, na kwaleji ya ishe shi.