Ta ina mai sana'ar man gyaɗa za ta fara neman tallafi?

Malama, kin tambaya ko akwai hukumar da za ta taimaka miki ki bunƙasa matsar man gyaɗar da kike yi a gida. Akwai, amma a ganina bai kamata ki fara da neman rance ba.

Ki fara yi wa sunan sana'arki rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, domin da takardar shaidarta ne banki zai buɗe miki asusun kasuwanci. Daga nan ki yi rajista da SMEDAN, hukumar da aka kafa a 2003 don bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, wadda take horar da mutane kan tsara kasuwanci. Ranar da kuma za ki fara zuba man a gora ki liƙa suna, to kina buƙatar lambar rajista daga NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Abin da na fi so ki riƙe da muhimmanci shi ne littafin lissafi. Kullum ki rubuta kwano nawa na gyaɗa kika saya, nawa kika biya mai injin markaɗe, kwalba nawa kika tace, da abin da ƙuli-ƙulin ya kawo, domin duk mai ba da rance, har da Bankin Masana'antu, yana son ya ga shaidar shigar kuɗi da fitarsu kafin ya amince da ke. Idan kuna da yawa a unguwarku, ku kafa ƙungiyar gama-kai ku yi mata rajista a matakin jiha, saboda an fi sauraron ƙungiya a kan mutum ɗaya.

Don Allah kada ki ba wani ɗan tsakiya kuɗi don ya sa sunanki cikin masu cin tallafi. Ki je ofishin hukumar da ƙafarki ki tambaya.