Tambaya da Amsa: Me ya sa manhajata take tsallake fayilolin da aka gyara a Git?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu shida ne muke rubuta darussan lissafi da kimiyya da Hausa don 'yan sakandare, muna ajiye su a ma'ajiyar Git (tsarin da ke riƙe tarihin gyare-gyaren fayiloli) da ke kan shafin GitHub. Na rubuta 'yar manhaja da Python wadda kowane dare take duba fayilolin da aka taɓa, ta mayar da su PDF, ta aika wa malaman da ke koyarwa da su. Umarnin da nake amfani da shi shi ne git log --since="1 day ago" --name-only. Abu biyu ke damuna. Wani lokaci sai a yi gyara amma manhajar ba ta gan shi ba sam. Sannan duk fayil ɗin da sunansa ke da ƙ ko ɗ, sai ta ce babu shi, alhali ga shi ina kallo. Ina gizo ke saƙar?
Wata malamar lissafi, daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya saka muku da alheri, domin aikin da kuke yi yana da ranarsa, kuma ba na son gyaran da wani ya hana idonsa barci ya yi ya kasa isa hannun ɗalibai. Matsalar farko ta fi girma, da ita zan fara: ki daina tambayar Git da agogo.

Duk komit, wato gyaran da aka adana a Git, yana ɗauke da lokacin da aka yi shi a kan kwamfutar mai shi, ba lokacin da ya iso GitHub ba. A ce abokin aikinki ya gyara darasin kusurwoyi ranar Litinin da yamma, amma ba shi da data, sai ranar Laraba ya samu ya tura. Daren Litinin manhajarki ta duba, gyaran bai iso ba. Daren Laraba ta duba, ya iso, amma tambayarta ita ce me aka yi cikin awa 24 da suka wuce, shi kuwa komit ɗin na Litinin ne. Shi ke nan ya faɗa rami, kuma babu daren da zai sake fito da shi. Haɗa da kwamfutar da batirin agogonta ya mutu take nuna wata shekara daban, da daren da aka ɗauke wuta manhajar ba ta tashi ba. Duk waɗannan asara ce da ba za ta yi miki ƙara ba, sai dai wani malami ya kira ya ce har yanzu tsohon darasin yake gani.

Mai karatun littafi idan zai tashi tsinke yake sawa a shafin da ya tsaya, ba ya dogara da cewa da la'asar ya tsaya. Tsinkenki shi ne lambar komit, wato jerin haruffa da alƙaluma 40 ɗin nan da Git ke bai wa kowane komit. Ki tanadi wani ɗan fayil a wajen ma'ajiyar, wanda ba abin da ke cikinsa sai lambar komit na ƙarshe da kika gama aiki a kansa. Da dare manhajar ta fara da git fetch origin don ta jawo abin da ya ƙaru, sannan git rev-parse origin/main ya ba ta sabuwar lamba (idan sunan reshenku master ne sai ki sa shi). Daga nan ta karanto tsohuwar lamba, ta haɗa su:

git diff --name-status --no-renames -z TSOHUWA SABUWA

Ko kwana ɗaya ne tsakani ko wata guda, amsar za ta cika. Git yana riƙe da cikakkiyar surar ma'ajiya a kowane komit, haka Linus Torvalds ya tsara shi tun 2005 don aikin Linux mai dubban fayiloli, saboda haka gwama sura biyu ba wani aiki ba ne a gare shi. Na fi son diff a kan log a nan saboda yana ba ki sakamakon ƙarshe kawai. Fayil ɗin da aka gyara sau huɗu sau ɗaya zai fito, wanda aka ƙirƙira aka kuma goge a tsakani ba zai fito ba ma.

Abin da nake roƙon ki kada ki yi wasa da shi: sabuwar lambar nan kada manhajar ta rubuta ta a ɗan fayil ɗin sai bayan PDF na ƙarshe ya tafi lafiya. Idan ta rubuta tun farko, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, gobe za ta ɗauka ta gama. Idan kuwa sai a ƙarshe take rubutawa, mafi munin abin da zai faru shi ne wasu malamai su samu darasi ɗaya sau biyu, wannan kuma da sauƙi.

Kowane suna zai zo da harafi a gabansa: A sabon fayil, M wanda aka gyara, D wanda aka goge. Umarnin da kike amfani da shi yanzu ba ya bambance su, don haka wata rana manhajar za ta je buɗe fayil ɗin da babu shi. Na sa --no-renames da gangan. Git ba ya rubuta cewa an sauya wa fayil suna, hasashe yake yi idan sabo ya yi kama da wanda ya ɓace da aƙalla kashi 50 cikin ɗari, sai ya kawo R da sunaye biyu. Ke kuwa ba ki buƙatar wannan ɗawainiya, gara ya zo miki a matsayin D ɗaya da A ɗaya.

Sai batun ƙ da ɗ. Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau, Git ne yake sauya yadda yake nuna sunan. Akwai saiti mai suna core.quotepath wanda a kunne yake zuwa, kuma duk harafin da ba ya cikin haruffan Ingilishi na asali sai ya mayar da shi alƙaluma. Fayil mai suna ƙari.md zai fito miki a matsayin "\306\231ari.md", har da alamun zance a gefe da gefe. Manhajarki wannan sunan take nema a cikin kwamfuta, ina za ta gan shi? Ɗan -z ɗin da ke cikin umarnin sama shi ne maganin. Yana sa Git ya fitar da sunaye yadda suke, ya raba su da alamar da ba ta iya shiga sunan fayil. A Python ki kira umarnin da subprocess.run tare da capture_output=True, ki raba abin da ya fito da split(b"\0"), ki warware kowane yanki da decode("utf-8"). Za su zo bibbiyu, harafi sannan suna, na ƙarshe kuma fanko ne, ki yar da shi. Idan Windows kike amfani da shi kada ki bar shi ya zaɓa miki tsarin haruffa, ki rubuta utf-8 da hannunki, in ba haka ba ƙugiyar za ta sake lalacewa ta wata hanyar. Kuma don Allah kada wani ya ce ku cire haruffan nan daga sunayen fayiloli don a samu sauƙi. Ƙari daban, kari daban.

Don karanto abin da ke cikin fayil kamar yadda yake a sabon komit, git show SABUWA:darussa/ƙari.md ya wadatar. A daren farko da babu tsohuwar lamba, ki ɗauki duk fayilolin a matsayin sababbi. Kada kuma ki kwafo ma'ajiyar da --depth 1, domin tsohon komit ɗin da za ki gwama da shi ba zai zo ba.

Za ki ji ana cewa GitHub na da API, wato ƙofar da manhaja ke aika masa tambaya kai tsaye, da ke yin wannan gwamawa ba tare da an kwafo ma'ajiya ba. Gaskiya ne, amma yana da iyaka: tambaya 60 a awa idan ba ki shiga da mabuɗinki ba, 5,000 idan kin shiga, kuma ba ya lissafo fiye da fayil 300 a gwamawa ɗaya. Akwai kuma kayan Python na aiki da Git, irin su GitPython da pygit2. Ni dai a ganina umarni huɗu ba su kai a jingo musu wani kaya ba, ki tsaya kan subprocess.

TAMBAYA: Malam, a ofishinmu har yanzu Subversion muke amfani da shi maimakon Git. Akwai hanyar da manhaja za ta ciro jerin abin da ya sauya?
Wani ma'aikaci, daga Maraɗi

AMSA: Akwai, ɗan'uwa, kuma naka ya fi sauƙi, domin Subversion lambobi yake bayarwa a jere daga saba guda, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da ma'ajiyar: 120, 121, 122. Ka ajiye lambar da ka tsaya, a ce 120, ka nemi sabuwa, a ce 135, da svn info --show-item revision tare da adireshin ma'ajiyar, sannan svn diff --summarize --xml -r 120:135 da adireshin. Ka karanta XML ɗin da ElementTree na Python. Fayil ɗin da aka sauya wa suna zai zo a matsayin gogewa da ƙari, kuma kai ma sai aiki ya kammala za ka rubuta 135.