Amsar tambayarka kan kalmar justice

Ka tambaye ni me ya sa na gyara maka da ka kira Ministry of Justice ma'aikatar adalci, alhali a makaranta an ce maka justice shi ne adalci. To yarona malaminka bai yi ƙarya ba, rabin zancen ya ba ka.

Kalmar nan aro ce ma a wajen Turawan Ingila. Tushenta Latin ne, ius, wato haƙƙi ko doka, daga nan aka samu iustitia, Faransawa suka mai da ita justice. A 1066 William na Normandi, wani yanki a ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi, mutanensa suka riƙe fada da kotuna, Faransanci ya zama yaren shari'a, kai har sai da aka yi doka a 1362 cewa a riƙa muhawara a kotu da Turanci don mutane ba sa gane abin da ake faɗa a kansu, ka ga ashe ciwon da ya kawo sana'armu ta tafinta ba na yau ba ne. Su judge, wato alƙali, da jury, wato mutanen gari da ake zaɓa su yanke ko mutum ya yi laifi, duk 'yan gida ɗaya ne da ita.

Shi ya sa ta ɗauko abu biyu a tare, ba kowa haƙƙinsa, da kuma aikin hukuma na yanke hukunci har da shi mai yankewar. Mu Hausa ta raba mana su. Adalci hali ne, uba ma yana yinsa tsakanin 'ya'yansa, shari'a kuwa ita ce zaman da dokar da alƙalin. Don haka in ka ga Justice gaban sunan alƙalin babbar kotu Mai Shari'a za ka ce, ma'aikatar ta shari'a ce, Chief Justice kuma alƙalin alƙalai. Amma in lauya ya miƙe yana roƙo in the interest of justice, to nan adalci yake nema.

Kar ka ɗauka ƙaramin abu ne fa. Dattijo yana tsaye kan maganar gonarsa, bakinka kawai yake ji, an ce shari'a za ta bi hanyarta kai ka ce masa za a yi masa adalci, ka ɗaukar masa alƙawarin da ba wanda ya yi, kuma in hukunci ya juya kai zai tare a bakin ƙofa.

Gobe ka zo kotu da wuri ka zauna bayana da biro, duk inda kalmar ta fito ka rubuta wanne aka nufa, mu duba bayan azahar.