Tambaya da Amsa: Shin mata ne suka tare wa mazan Latino hanya a Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ƙanina da ke karatu a Amurka ya ce mazan Latino na kukan cewa shirye-shiryen ba mata da tsiraru dama sun manta da su. Da gaske mata ne suka ƙwace musu wuri? Daga wani mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kukan yana da tushe, amma ba mata ne sila ba.

Latino su ne mutanen da asalinsu ya fito daga Mekziko da sauran ƙasashen Latin Amurka. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan mutum ɗaya cikin biyar. Mazansu ba zaman kashe wando suke yi ba, suna kan gaba wajen fita aiki. Matsalar ita ce irin aikin: gini, gona, mahauta, yankan ciyawa.

Dubi harkar gini. Babban kamfani ya karɓi kwangila, ya ba ƙaramin ɗan kwangila, shi kuma ya kwaso ma'aikata da sassafe a bakin shagon kayan gini, kamar yadda ake ɗaukar leburori a bakin titi a nan Kano. Sai a rubuta ma'aikacin a matsayin mai zaman kansa, a ba shi takardar haraji ta 1099 maimakon W-2 ta cikakken ma'aikaci. A nan ake cutarsa. Babu kuɗin ƙarin lokaci bayan awa 40 a mako, babu inshorar rauni, harajin fansho kuma shi kaɗai zai biya duka. Ranar da ya faɗo daga rufi, kowa ya zame. In ba shi da takardar zama, tsoron kora ya hana shi kai ƙara. A gona ma, dokar ƙwadago ta tarayya ta 1938 ba ta ba ma'aikata kuɗin ƙarin lokaci ba, kuma mafi ƙarancin albashi na tarayya yana dala 7.25 a awa tun 2009.

Lokacin da jirgin ruwa ya rushe wata babbar gada a birnin Baltimore a ranar 26 ga Maris, 2024, mutum shida da suka mutu duk 'yan Latino ne, suna cike ramukan titi da tsakar dare.

Ita kuwa muhawarar daidaito, wato ta ba mata da tsiraru dama, a jami'o'i da ofisoshi ake yin ta, inda yawancin mazan Latino ba su kai ba. Gaskiya ne 'yan matan Latino sun fi samarin shiga jami'a, amma ɗaya daga cikin dalilan shi ne yaro kan bar karatu da wuri don ya tallafi gida. Matan kuma, duk da karatun, suna cikin masu samun albashi mafi ƙanƙanta a ƙasar.

A Yunin 2023 Kotun Ƙoli ta hana jami'o'i duba launin fata don ba tsiraru fifiko wajen ɗaukar ɗalibai, a Janairun 2025 kuma Trump ya soke shirye-shiryen daidaito a ma'aikatun tarayya, bayan mazan Latino da yawa sun zaɓe shi. Ka tambayi ƙaninka ko birkila ɗaya ya samu inshora saboda wannan.