Zauren Tambaya: Koyon kalmomin Turanci ta hanyar ƙuruciya, tamu da ta wasu

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk sun taru a kan abu guda, wato yadda za a koyi kalmomin Turanci ta hanyar rayuwar yara. Malaman harshe da ke kula da wannan shafi ne suka amsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Gwale. Duk Litinin nakan rubuta wa 'yan aji ɗaya kalma ashirin a allo su haddace, ranar Juma'a in yi musu gwaji su cinye. Bayan mako biyu ko rabi ba sa tunawa. Littafinmu yana da babi a kan yaran ƙasashen duniya. Ta yaya zan ci moriyarsa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Yaranmu gwanayen hadda ne tun daga makarantar allo, amma kin san haddar da ba a yi mata tilawa zubewa take yi. Ga shi kuma kalmomin nan ashirin babu abin da ya ɗaure su da juna, balle da rayuwar yarinyar.

Ki ajiye littafin tukuna. Minti biyar na farkon darasi ki yi su da Hausa, ki tambaye su wasannin da suka yi a tsakar gida da ƙofar gida. Za ki sha amsa har ki gaji. Sai ki raba allo gida uku. A gidan farko ki sa masu takwara sak a Turanci: ɓuya "hide-and-seek", lilo "swing", 'yar tsana "doll", 'yar gala-gala "hopscotch". A na biyu masu kama kawai, irin carafke da "jacks", domin yaran Amurka da 'yan ƙananan ƙarafa da ƙwallon roba suke yin nasu, mu kuwa da tsakuwa. Gida na uku na waɗanda ba su da suna a Turanci ne sam, kamar gaɗa da langa da tashe.

Yawancin malamai tsallake gida na ukun nan suke yi, alhali nan ribar take. Idan babu suna, dole a yi bayani, bayani kuma sai da aikatau. Yarinyar da za ta kwatanta wa baƙo gaɗa tana bukatar "form a circle" da "clap" da "fall back" da "catch". Mai kwatanta langa tana bukatar "hop on one leg" da "push". Waɗannan su ne kalmomin da za ta yi ta haɗuwa da su har ta gama makaranta, ba sunan wasa ba.

Ki zo aji da tsakuwa biyar. Ki fito da yarinya ɗaya ta zauna a ƙasa ta yi carafke a hankali. Tana cilla tsakuwa sama ajin ya ce "toss", tana wawurar ta ƙasa su ce "pick up", tana cafewa su ce "catch". In ta kuɓuce mata, kowa zai yi ihun "drop" cikin dariya, ta gaba kuma ba za ta karɓi tsakuwar ba sai ta ce "It is my turn". Kalma biyar ke nan cikin minti goma, kuma da hannu aka koye su.

Kada ki wuce kalma 8 zuwa 10 a darasin minti 40, rabinsu aikatau. A yanka kwalin taliya ko na sabulu ƙanana, Hausa a gefe ɗaya, Turanci cikin gajeriyar jimla a ɗaya gefen. A maimaita washegari, sai kwana na 3, na 7, na 14 da na 30, minti uku kacal kowane karo. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, daga baya ta lafa. Saboda haka maimaicin washegari ya fi gwajin Juma'a muhimmanci. Gwajin ma ki daina tambayar ma'ana, ki ce su rubuta jimla da "used to". A nan za ki ga "I use to play" da "I used to played". Daidai shi ne "I used to play".

Wani abu kuma: kalmomin wasa cike suke da harafin p, ga "play", ga "clap", ga "skip". Bahaushe da leɓɓa biyu yake furta f ɗinsa, shi ya sa p da f suke cakuɗe masa. A riƙe 'yar takarda gaban baki, a rufe leɓɓa a fashe da iska, takardar ta motsa, p ke nan. Ita f sai haƙoran sama sun taɓa leɓen ƙasa. A gwada da "pull" da "full", da "pan" da "fan". Babin littafin sai a darasi na biyu, lokacin da yaran suke da abin da za su kwatanta da shi.

TAMBAYA: Ni ɗan aji shida ne a Kurna, zan zana WAEC. An ba mu insha'i a kan ƙuruciyarmu, malam ya ja jan biro a ƙarƙashin "my senior brother" da "I was grown up by my grandmother". Mene ne laifinsu? Sannan yaya ake cewa baffa da agola?

AMSA: Ɗanmu, malaminka yana da gaskiya. "Senior brother" Turancin titi ne na Nijeriya, kowa zai gane, amma mai duba jarrabawa "elder brother" ko "older brother" yake so, ƙane kuma "younger brother". Ta biyun ka haɗa kalmomi biyu ne. Yaro shi ke girma da kansa, wato "grow up". Wani ne ke renonsa, wato "bring up". Sai ka ce "I grew up in Kurna" amma "I was brought up by my grandmother".

A fagen dangi Hausa ta fi Turanci yalwa. Baffa da kawu duk "uncle" ne, gwaggo da inna duk "aunt". In bambancin yana da amfani a labarinka, ka ce "paternal uncle" ga ɗan'uwan uba, "maternal uncle" ga na uwa. Inda ɗalibai suka fi faɗawa rami shi ne ɗan uba. Wanda kuka haɗa uba ko uwa "half-brother" ne, tunda akwai jini. "Stepbrother" babu jini ko kaɗan, aure ne ya haɗa iyayenku. Don haka agola "stepchild" ne ga mijin uwarsa, kuma "stepbrother" ko "stepsister" ga 'ya'yan da mijin ya haifa da wata matar. Ɗan fari "firstborn", auta "the youngest". Ɗan baffanka kuwa, ko a gida ɗaya kuka tashi, "cousin" ne, kada ka rubuta "brother".

Ka jera matakan girma yadda suke zuwa, sun fi zama a ka. Jinjiri "newborn", sai ya fara rarrafe "crawl", ya yi haƙori "teething", ya shiga tatata ya zama "toddler", a yaye shi "wean". "Teenager" daga 13 ne zuwa 19, saboda lambobin ne suke ƙarewa da "teen". Kuma ka kiyayi "childish", zagi ne, ma'anarsa babba mai halin yara. "Children" jam'i ne da kansa, ba a ƙara masa s.

TAMBAYA: 'Yata tana aji uku a firamare. Littafin karatunsu cike yake da "tooth fairy" da "Halloween". Ina ruwan ɗan Kano da waɗannan? Uba ne daga Gwammaja.

AMSA: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma da marubutan littattafan sun fi sa rayuwar yaranmu da ya fi. Amma sanin kalma daban, aikata al'ada daban. Za ta ci karo da su a karatu da talabijin, gara ta ji bayaninsu daga bakinka.

Ka fara da abin da ke bakinta. Shekararta shekarar famfara ce. Haƙoran da ke zuba "milk teeth" ne, mai girgiɗi "loose tooth", giɓin kuma "gap". Daga nan ka gaya mata a Ingila da Amurka yaro yakan sa haƙorin a ƙarƙashin matashi, iyaye su musanya shi da kuɗi cikin dare, su ce wata aljanar tatsuniya, wato "tooth fairy", ce ta kawo. A Faransa da Sifaniya ɗan ɓera ake cewa. A Japan jefa haƙorin ƙasa ake yi saman rufi. Ka tambaye ta me kakarta ta ce a yi da nata. Hira guda ta samu "pillow" da "coin" da "roof" da "throw".

"Halloween" ana yin sa ranar 31 ga Oktoba. A ido ya yi kama da tashe, yara su yi shigar ban mamaki su bi gida-gida da dare a ba su wani abu. Asalinsu bai haɗu ba ko kusa, ka faɗa mata haka ƙarara, sannan ka ɗauki "costume" da "door to door" ka sa ta yi maka bayanin tashe da su. Haka tatsuniya: inda muke cewa ga ta nan ga ta nanku, su "Once upon a time" suke cewa. Gizo a Turanci "trickster" ne, yana kuma da ɗan'uwa a Gana mai suna Anansi, wanda labarinsa ya bi bayi har Jamaika.

TAMBAYA: Wanne ne daidai, "nappy" ko "diaper"? Daga wata mai jego a Sharaɗa.

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Duka daidai ne, na farko na Ingila, na biyu na Amurka. Haka "cot" da "crib" ga gadon jariri, da "sweets" da "candy" ga alewa. Makarantunmu tsarin Ingila suka gada, don haka a rubutu a tsaya a kan na farkon, kuma kada a gauraya su a takarda ɗaya. Pampers kuwa sunan haja ne, bai kamata ya shiga insha'i a madadin kalmar ba.