Yaya, ga abin da ya hana ni ɗauko 'yar raino daga gida

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara, ina so in amsa tambayoyi biyun da kika yi mini ranar da kukan yarinya ya katse mana waya. Kin tambaye ni yadda aka yi macen da ta gama Jami'ar Ahmadu Bello, ta kuma yi shekara shida tana koyar da lissafi a Zariya, ta koma malamar cike gurbi a Manchester, yau tana wannan makaranta gobe tana waccan. Kin kuma tambaye ni abin da ya hana ni aikowa a turo mini yarinya daga ƙauye ta yi mini raino, tun da ina kukan tsadar gidan raino. A wurinmu nan, igiya ɗaya ce ta ɗaure maganganun biyu.

A makarantarku idan malami bai zo ba, ko a haɗe aji biyu, ko a turo ɗan bautar ƙasa, ko a bar monita ya rubuta sunayen masu surutu. A Ingila ba a barin aji babu babba ko na darasi ɗaya, saboda haka makarantar da malaminta ya kwana da zazzaɓi dole ta samo wanda zai tsaya a madadinsa kafin yara su zauna. A da ƙananan hukumomi ne suke riƙe da sunayen irin waɗannan malamai, amma yanzu yawancin aikin yana hannun kamfanonin dillanci, waɗanda makaranta take biya, su cire la'adarsu, su miƙa wa malami sauran. Kafin su karɓe ki sai hukumar DBS ta binciki tarihinki, ta tabbatar babu laifin da zai hana a bar ki da yara, sannan a nemi shaidar koyarwa ta ƙasar, wadda ake kira QTS. Na yi shekaru ina aikin taimakon malami saboda rashinta, har zuwa watan Fabrairu na 2023 da aka ba malaman Najeriya da Gana masu koyar da lissafi da kimiyya da harsuna damar nemanta da takardunsu na gida, kuma ta nan na samu tawa.

Yadda ranar aiki take farawa shi ne abin da nake so ki hango. Tsakanin ƙarfe bakwai da bakwai da rabi na safe waya takan yi ƙara, a lokacin hunturu ma gari bai waye ba, a ce akwai aji a Oldham ko Stockport, ana so ki isa kafin takwas da rabi. A cikin mintuna kaɗan za ki yanke shawara, alhali ɗa ɗaya yana neman takalminsa na makaranta, ɗaya tana goye a bayanki. Idan kika ce ba za ki iya ba sau biyu ko uku, sai su koma kiran wata. Ranar da ba a kira ki ba kuwa babu ko kwabo. Yara suna zuwa makaranta kwana 190 ne a shekara, kuma makonni shida na dogon hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, malamar cike gurbi daga aljihunta take ci. Satumba ma aiki yakan yi ƙaranci domin kowa ya dawo da ƙarfinsa, sai sanyi ya kama, mura ta fara kwantar da malamai, sannan kira ya yi yawa.

Gidan raino shi kuma bai san wannan hawa da sauka ba. Za ki zaɓi ranakunki tun da wuri, ki biya kuɗin wata tun kafin ya kama, kuma ko yarinya ta je ko ba ta je ba, ko tana da lafiya ko tana kwance, kuɗin ya tafi. Idan bas ta makara da ke da yamma, akwai tara a kan mintunan da kika ƙara. Ba na zargin masu gidajen da haɗama, domin doka ta ce babba ɗaya ba zai riƙe jarirai 'yan ƙasa da shekara biyu fiye da uku ba, kuma kowace ma'aikaciya sai an biya ta albashinta. Lokacin da na fara, ana ba ni fam 130 a rana kafin a cire haraji, ina biyan fam 65 na raino, ga kuɗin mota. Akwai makon da na biya na kwana uku aka kira ni rana ɗaya, na zauna a gida da kayan aiki a jikina har ƙarfe tara ina duban waya, ina lissafin abin da ya fita ba tare da komai ya shigo ba.

Gwamnati tana rage nauyin, kuma ba zan ɓoye wannan ba. Kowane yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana da awa 15 kyauta a mako, na makonni 38 a shekara. Iyayen da dukansu suke aiki suna samun awa 30, kuma tun Satumba 2025 wannan ya haɗa da jarirai daga wata tara. Akwai kuma asusun da idan kika zuba fam 8 gwamnati take ƙara 2, har zuwa fam 2,000 a shekara ga kowane yaro. Sai dai sharaɗin shi ne kowane ɗaya daga iyayen ya riƙa samun abin da ya kai ladan awa 16 a mako a kan mafi ƙarancin albashi, kuma duk wata uku sai an sake tabbatarwa, abin da yake tayar wa mai aikin kira hankali idan hutu ya ƙarato. 'Yan'uwanmu sababbin zuwa kuwa, waɗanda aka rubuta a bizarsu cewa ba su da rabo a tallafin gwamnati, yawancinsu awa 15 ɗin nan kaɗai suke iya samu.

Game da 'yar raino, Yaya, babu bizar da za a ba yarinya 'yar shekara goma sha biyu don ta zo ta yi goyo. Ko da ta shigo ta wata hanya, makaranta wajibi ce a kanta, kuma duk wanda ya riƙe yaron da bai kai shekara 16 ba har kwana 28, alhali shi ba kakansa ko kawunsa ko goggonsa ko yayansa ba ne, dole ya sanar da ƙaramar hukuma ta zo ta duba. Wanda kuwa aka samu ya ajiye yarinya tana yi masa aikin gida, ana iya tuhumarsa da bautar da mutum a ƙarƙashin dokar hana bautar zamani ta 2015. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: ko da an halatta, ba zan yi ba. Na tuna yaran da suka goya mu muna ƙanana, mu muka tafi makaranta su suka tsaya a tsakar gida, kuma yau kin san inda kowa yake. Inna ta zo mini wankan jego da bizar ziyara, wadda iyakarta wata shida, amma ɗauko tsoho ya zauna dindindin ya zama abu mai matuƙar wuya tun da aka tsaurara ƙa'idar a 2012.

Abin da muka koma yi shi ne adashe, amma na ranaku maimakon kuɗi. Mu huɗu ne muka haɗu a Islamiyyar da muke kai yara ranar Asabar: ni, da wata Bakanuwa ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, da wata 'yar Damagaram mai aikin kula da tsofaffi a ƙarshen mako, da wata daga zangon Kumasi mai ɗinki a gida. Kowacce tana rubuta ranakun da take gida a zaurenmu na WhatsApp tun ranar Lahadi, kuma idan aka kira ni da safe na san ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Wadda aka riƙe wa yaro ranar Talata, ita za ta riƙe na wata ranar Asabar ko lokacin hutu, kuma a nan ne dogon hutun da yake cutar aljihuna yake amfanar sauran. Kuɗi ba ya shiga tsakaninmu, domin duk mai karɓar lada don rainon yaro ɗan ƙasa da shekara takwas a gidanta fiye da awa biyu a rana sai ta yi rajista da Ofsted, hukumar da take duba makarantu da gidajen raino. A 2009 ma an taɓa gaya wa wasu mata biyu 'yan sanda masu musayar raino cewa sun saɓa doka, sai da jama'a suka yi ca kafin a gyara ƙa'idar, a bar ƙawaye su taimaki juna muddin babu biya.

Akan samu saɓani, musamman idan yaron wata ya tashi da zazzaɓi ranar da ake dogaro da ita, kuma mun koyi faɗin abu a fili maimakon kawaicin da muka saba da shi, domin a nan kawaici yana iya jawo wa mutum asarar aiki. Mazajenmu ma sun shiga ciki. Baban yara yana dawowa daga aikin dare ya kai babban yaron makaranta kafin ya kwanta, ya kuma ɗauko shi ƙarfe uku da kwata, kuma babu wanda yake yi masa gori a masallaci, tun da kowane magidanci a sahun haka yake yi.

Tabbacin aiki kuwa ba daga yawan kamfanonin da suka san sunanki yake zuwa ba. Yana zuwa ne idan makarantu biyu ko uku suka saba da ke har suka fara neman ki da suna, saboda kin duba littattafan yara kin bar wa mai aji bayani a rubuce. Daga nan ake samun riƙon ƙwarya mai tsawo, galibi a gurbin malamar da ta tafi hutun haihuwa, wanda a nan yana iya kaiwa mako 52. Doka ta ce idan kika yi mako 12 a gurbi ɗaya, dole a daidaita kuɗinki da na wadda makarantar ta ɗauka da kanta, ko da yake mai aiki ta hannun dillali ba ta shiga asusun fanshon malamai, kuma wannan yana damuna ƙwarai.

Irin wannan gurbi nake riƙe da shi tun Satumba, kuma shi ya ba ni damar kai yarinya wurin wata mai raino mai rajista wadda ta yarda a biya ta lokacin karatu kaɗai, adashenmu kuma ya koma na ranakun larura. Malaman da za su bar aiki a ƙarshen shekarar karatu sai sun ba da sanarwa kafin ƙarshen Mayu, saboda haka a Afrilu da Mayu ake tallar gurabe na dindindin, kuma in sha Allahu zan nema. Don Allah, Yaya, ki taimaka ki karɓo mini sabuwar takardar shaidar aiki daga tsohuwar makarantata, mai ɗauke da shekarun da na yi da azuzuwan da na koyar, ki turo mini hotonta kafin ƙarshen Maris. Ki gaishe mini da Inna, ki gaya mata jikarta ta fara tafiya.